A Ina Mashayi Yake Warkewa?

Karatu: Markus 5:1-20

 Kafin ka ci gaba, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta ayoyin nan 20 a hankali. Yawancin masu wa'azi sukan tsaya a kan garken aladun da suka rugungunta cikin teku, gama nan ne abin mamaki yake. Amma yau ina so ka kai idonka ƙarshen labarin, lokacin da Yesu zai shiga jirgi. Mutumin nan da aka warkar ya roƙa a bar shi ya tafi tare da shi. Wane roƙo ya fi wannan kyau? Duk da haka Ubangiji bai yarda ba. Ya sallame shi zuwa gidansu, wurin danginsa, domin ya ba su labarin jinƙan da aka yi masa. Ka tuna su wane ne dangin nan. A yankinsu ne aka sha ɗaure shi da sarƙa da mari. Mutanen yankinsu ne kuma suka roƙi Yesu ya bar musu ƙasarsu. Wurinsu aka mai da shi.

Ban ce kowane mashayi aljanu ne a kansa ba. Kada ka ɗauki maganata haka. Sai dai duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da wanda giya ko ƙwaya ta kama zai gane hoton nan: mutum yana zaune nesa da mutane ko da jikinsa yana tsakar gida, yana yi wa kansa rauni da hannunsa, an yi faɗa an gaji, an ɗaure an gaji. Tambayarmu ita ce, in irin wannan mutum zai warke, a ina zai warke? Sai an raba shi da mutanensa da harshensa da al'adarsu an mai da shi wani mutum dabam, ko kuwa a cikinsu ne maganin zai kama jikinsa? Domin mu duba wannan, zan kai ka nesa, can Kanada da Amurka, gama a can an taɓa amsa tambayar da amsar da ba daidai ba, aka yi haka da sunan Almasihu, an kuma san abin da ya biyo baya.

Kafin Turawa su isa ƙasashen nan akwai al'ummai da yawa a cikinsu, kowace da harshenta da ƙasarta: Kiri, Lakota, Seneka, Mohigan, da sauransu masu yawa. Su ne tsofaffin littattafan makaranta suke kira Jajayen Indiyawa, sunan da ba su ne suka raɗa wa kansu ba. Fataken Turawa masu sayen fatun namun daji suka riƙa kai musu barasa mai ƙarfi suna musaya da ita, domin wanda ya bugu ba ya iya ciniki. Da ɓarnar ta yi yawa sai hukuma ta hana. A Amurka, dokar tarayya ta haramta sayar musu da giya har zuwa shekarar 1953. Dokar ba ta warkar da kowa ba. Abin da ta koya wa mutane shi ne su saya a ɓoye, su shanye da sauri kafin ɗan sanda ya zo.

Daga nan wata ƙarya ta bazu, cewa wai a jininsu abin yake, ba su iya riƙe giya kamar sauran mutane. A shekarar 2016 masu bincike na Jami'ar Arizona suka buga abin da suka samu daga ƙididdigar gwamnatin Amurka. Wajen 60 cikin 100 na 'yan asalin ƙasar ba su sha giya ko kaɗan ba a watan da ya gabaci tambayar, alhali a cikin fararen fata 43 ne kawai cikin 100. Yawan masu sha fiye da kima kuwa kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Gaskiya ne giya tana kashe 'yan asalin ƙasar fiye da sauran, amma ga talauci, ga nisan asibiti, ga kuma wani ciwo wanda ya fi waɗannan zurfi.

Tun daga shekarun 1880 gwamnatin Kanada ta haɗa hannu da ikilisiyoyi aka buɗe makarantun kwana domin 'ya'yan waɗannan al'ummai. Katolika sun riƙe mafi yawansu, amma Angilikan da Methodis da Firesbiteriyan duk suna ciki, saboda haka kada ka ce laifin wata ɗarika ce ba taka ba. Yara wajen 150,000 suka bi ta makarantun nan, na ƙarshe kuwa ba a rufe su ba sai a ƙarshen shekarun 1990. Akan ɗauke yaro daga hannun iyayensa, sau da yawa ba da yardarsu ba. A aske masa gashi, a ba shi lamba, a raba shi da 'yar'uwarsa ko da suna makaranta ɗaya, in ya yi magana da harshen uwarsa a doke shi. Wata yarinya mai shekara 6 ta je makarantar St. Joseph da ke kusa da garin Williams Lake a 1973 sanye da sabuwar riga ruwan lemo wadda kakarta ta saya mata. Ranar farko aka tuɓe mata, ba ta ƙara ganinta ba. Saboda labarinta ne mutanen Kanada suke sa riga ruwan lemo kowace ranar 30 ga Satumba. Hukumar Gaskiya da Sulhu da ta binciki al'amarin ta kammala rahotonta a 2015, ta lissafta yara fiye da 3,000 da suka mutu a makarantun, ta kuma kira abin da aka yi kisan al'ada. A waje guda kuma, daga 1885 zuwa 1951, doka ta haramta wasu manyan bukukuwan al'ummomin.

Ka yi tunanin yaron da ya fito daga irin wannan wuri yana da shekara 16. Ya koma ƙauye ba ya jin maganar kakarsa. An koya masa cewa duk abin da iyayensa suke yi ƙazanta ne, amma a gari kuma Bature bai karɓe shi ba. Bai taɓa ganin yadda uba yake riƙe ɗansa ba, ga shi gobe zai zama uba. Wataƙila an yi masa abin da ba ya iya faɗa wa kowa. Giya ba ta tambayarsa wane harshe yake ji. Haka ciwon ya gangaro daga iyaye zuwa 'ya'ya zuwa jikoki.

Yanzu ga labarin da nake so ka riƙe. A lardin Biritish Kolombiya akwai wani ƙauye na mutane 'yan ɗaruruwa, na al'ummar Shuswap, ana kiransa Alkali Lake, su kuma suna kiransa Esk'et. Yaransu makarantar St. Joseph ɗin nan aka riƙa kai su. A farkon shekarun 1970 kusan kowane babba a ƙauyen mashayi ne, har maƙwabta suka juya sunan garin da ba'a suna ce masa Tafkin Giya. A 1972 wata mata mai suna Phyllis Chelsea ta je ɗauko 'yarta mai shekara 7 daga gidan kakarta bayan an kwana ana sha. Yarinyar ta ƙi binta. Ta ce ba za ta koma gida ba, domin uwarta da ubanta shansu ya yi yawa. Phyllis ta koma gida ta zubar da giyar da take da ita. Bayan 'yan kwanaki mijinta Andy shi ma ya bari. Su biyu ke nan a dukan ƙauyen.

Wani ɗan'uwa na ɗarikar Katolika, mai aiki da ƙungiyar nan ta mashaya masu taimakon juna da ake kira AA, ya riƙa zuwa daga Williams Lake yana zama da su. An daɗe ana taro ba kowa sai su. Abokai suka guje su, aka yi musu dariya, aka ce suna ɗaukar kansu sun fi kowa. Sannu a hankali aka samu na uku, aka samu na huɗu. Da aka zaɓi Andy shugaban al'ummar sai ya ɗauki matakan da suka jawo masa zagi da barazana. Ya hana motar da take kawo giya ƙauyen. Waɗanda suke shanye kuɗin tallafin gwamnati aka daina ba su tsabar kuɗi, sai takardar karɓar abinci a kanti. Aka haɗa kai da 'yan sanda aka kama masu sayar da giya a ɓoye, a cikinsu har da mahaifiyar shugaban kansa. Wanda ya yi laifi cikin maye akan ba shi zaɓi, ko kotu ko gidan jiyya.

Amma ga abin da ya fi taɓa zuciyata. Sa'ad da mutum ya tafi gidan jiyya na 'yan makonni, waɗanda suka riga suka bar sha sukan riƙe masa 'ya'yansa. Sukan shiga gidansa su share, su gyara abin da ya lalace, su yi fenti. In ya dawo ba ya tarar da ɗakin da ya bari da fasassun kwalabe da warin jiya. Ana kuma nema masa aikin yi. Sun gane cewa makonnin jiyya ba su ne wahala ba, ranar dawowa ita ce wahala.

Sa'an nan suka koma neman abin da aka ƙwace musu. Da yake al'adun sun kusa ɓacewa a ƙauyen, sai da suka gayyato dattawa daga wasu al'ummai suka sake koya musu. Aka dawo da ganga da waƙa. Aka dawo da bukkar zufa, wato ƙaramar bukka da ake rufewa da barguna, a shigo da duwatsu masu zafi a zuba musu ruwa, mutane su zauna cikin tururi da duhu kamar mai yin surace, suna addu'a suna faɗin abin da yake cikinsu. Aka sa harshen Shuswap a makarantar yara. A tsakiyar shekarun 1980 mutanen ƙauyen suka ce wajen 95 cikin 100 na manyansu sun bar giya, suka kuma shirya fim a kan labarinsu mai suna The Honour of All, inda su da kansu suka fito a matsayin kansu, har da munanan abubuwan da suka yi cikin maye. Fim ɗin ya zaga al'ummai da yawa.

Kada ka ɗauka daga nan sai murna. Da giyar ta janye sai abin da take rufewa ya fito fili. Mutane suka fara faɗin lalatar da aka yi musu suna yara, a makarantar mishan da kuma a cikin gidajensu. Aka gurfanar da wasu ma'aikatan makarantar a kotu, aka hukunta wasu. Wasu da suka bar sha sun koma, matasan da suka taso daga baya kuma suna da nasu yaƙin. Ashe barin kwalba ƙofa ce kawai, aikin yana ciki.

Wani mutum ɗan al'ummar Mohikan mai suna Don Coyhis, wanda shi ma tsohon mashayi ne, ya kafa ƙungiyar White Bison a jihar Kolorado a 1988. Ya ɗauki matakai 12 na AA ya jera su a da'ira bisa ga kusurwoyi huɗu, gabas, kudu, yamma da arewa, yadda mutanensa suka saba tunani. A taronsu akan zauna a kewaye, ana miƙa gashin gaggafa ko sanda daga hannu zuwa hannu, wanda yake riƙe da shi ne kaɗai yake magana, ba mai katse shi. Yana da wani misali da yakan bayar. Ka ce akwai kurmin da itatuwansa duk suna ciwo domin ƙasar da suke tsaye a kai ta gurɓace. Ka tumɓuke itace ɗaya ka kai shi lambu, ka ba shi ruwa da taki har ya yi kore, sa'an nan ka mai da shi raminsa na dā. Me zai faru? Kowane manomi ya san amsar. Saboda haka suka ce sai an yi jiyyar ƙasar tare da itacen.

To, mai karatu, na san akwai tambayoyi a zuciyarka, kuma tambayoyin kirki ne.

Ta farko, in mun ɗora laifi a kan fatake da gwamnati da makarantu, ba mun sauke wa mashayi nauyin zunubinsa ke nan ba? A zamanin annabi Ezekiyel mutane suna da wani karin magana a kan iyayen da suka ci 'ya'yan inabi masu tsami da 'ya'yan da haƙoransu suka mutu, Allah kuwa ya tsawata musu a sura 18, ya ce kowane rai zai amsa nasa. Wannan yana nan daram. Amma ka duba, ba wanda ya zubar wa Phyllis giyarta, da hannunta ta zubar. Mutanen Alkali Lake ba su zauna suna jiran gwamnati ta ba su haƙuri ba, gama firaministan Kanada bai nemi gafara a kan makarantun ba sai a 2008, shekara 36 bayan ta fara. Sanin inda ciwo ya fito ba ya hana tuba. Abin da yake yi shi ne ya raba kunya biyu da suka cakuɗe a zuciyar mutum. Akwai kunyar abin da na aikata, wadda take kai mutum ga tuba. Akwai kuma kunyar abin da nake, wato jin cewa ni da uwata da harshenmu kuskure ne a cikin halittar Allah. Wannan ta biyun ƙarya ce, ba ta kai kowa ga tuba, sai dai ta kai shi gidan giya. Wanda ya gaskata cewa shi shara ne, don me zai wanke kansa?

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Ganga da bukkar zufa da hayaƙin ganye, ba komawa ga bautar gumaka ba ke nan? Ya kamata mai bi ya yi murna da irin wannan warkewa? Ka sani Kiristocin al'ummomin nan da kansu ba su zama baki ɗaya a kai ba. A ƙarshen 2010, a wani gari na al'ummar Kiri a lardin Kebek mai suna Oujé-Bougoumou, inda yawancin mutane masu bi ne, wani ya gina bukkar zufa domin ya taimaki matasa masu shaye-shaye. Dattawan garin suka ƙi, majalisar gari ta sa aka rushe ta. Ba zan kira dattawan nan jahilai ba. Suna tunawa da tsoron maita da sammu da iyayensu suka sha, wanda bishara ta 'yantar da su daga gare shi. A ɗaya gefen kuma akwai irin su Richard Twiss, ɗan Lakota, wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu a 1974 bayan shekarun maye, ya rasu a 2013. Ya ba da sauran ransa yana koyar da cewa ɗan Lakota zai iya bin Yesu da dogon gashinsa da gangarsa da rawarsa, ba sai ya zama kwafin Bature ba.

Ga yadda nake gani. Ba kowane abu na al'ada ne tsarkakakke ba, a wurinsu ko a wurinmu ko a wurin Turawa. Inda ake kiran ruhohi ana neman taimakonsu, mai bi ba shi da rabo a ciki, ko da an ce magani ne. Amma yawancin abin da ya ta da mutanen nan ba wannan ba ne. Harshen uwa ne, da zama a kewaye ana sauraron juna, da girmama tsofaffi, da fita daji farauta tare da kawu, da sanin sunan kakanni, da faɗin gaskiya a gaban jama'a. Wanne daga cikin waɗannan Littafi Mai Tsarki ya hana? Ranar Fentikos kowa da harshen garinsu ya ji maganar Allah. Taron Urushalima a Ayyukan Manzanni sura 15 ya yanke cewa ba sai al'ummai sun zama Yahudawa kafin su sami ceto ba, ya hana 'yan abubuwa kaɗan, ya bar sauran. Mutumin kaburbura ma a Dikafolis ya yi shelarsa, ƙasar da ba ta Yahudawa ba. Game da abubuwan da suke tsakiya, waɗanda ba a gane fari ne ko baƙi ba, masu bi na cikin al'ummar ne ya kamata su zauna da Maganar Allah su auna, ko da zai ɗauke su shekaru suna gardama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo ya riga ya yanke musu hukunci sau ɗaya, ya haɗa alkama da ciyawa ya ƙone duka, mun kuwa ga sakamakon. Mu ma a ƙasashenmu akwai wuraren da aka taɓa hana ganga a sujada, yau kuwa wa zai iya tunanin zumuntar mata ba ganga ba tulu?

Akwai kuma abin da dole in faɗa domin kada a ruɗe. Barin giya ba shi ne ceto ba. Mutum yana iya shekara 40 bai taɓa kwalba ba, ya mutu bai san Mai Ceto ba. Ba za mu ɓoye wannan don neman a yabe mu ba. Amma in uba ya bar sha ta hanyar da ba ta bi ta ƙofar majami'armu ba, 'ya'yansa suka ci abinci, matarsa ta kwana ba duka, shin za mu ɓata fuska? Yahaya ya taɓa kawo wa Yesu ƙarar wani mai fitar da aljanu wanda ba ya cikin ƙungiyarsu, Ubangiji ya ce a ƙyale shi. Allah mai aiko da ruwan sama a gonar mai adalci da ta marar adalci, shi ne tushen kowane alheri da ya sami gidan nan, ko mutanen gidan sun sani ko ba su sani ba. Mutumin da hankalinsa ya dawo kuwa ya fi wanda yake kwance a kwata iya jin bishara.

Kada kuma a ce Kiristocin al'ummomin nan ba su yi komai ba sai da aka zo daga waje. Tun a 1772 wani fasto ɗan Mohigan mai suna Samson Occom ya yi wa'azi a garin New Haven ranar da za a rataye wani ɗan asalin ƙasar da ya yi kisankai cikin maye. Ya yi masa magana a matsayin ɗan'uwansa na jini, ya gargaɗi mutanensa a kan giya, aka buga wa'azin sau da yawa. Kalmomin da za su zama zagi a bakin baƙo, a bakinsa kuka ne na ɗan gida.

Ina matsayin ikilisiya a cikin wannan duka? Haɗaɗɗiyar Ikilisiyar Kanada ta nemi gafarar 'yan asalin ƙasar a 1986, shugaban Angilikan na ƙasar ya nema a 1993, Paparoma Francis kuma ya je Maskwacis a lardin Albata a Yulin 2022 ya nema da bakinsa. Ya yi kyau, ko da yake an makara. Amma ni wanda nake so ka tuna shi ne ɗan'uwan nan da yake tuƙo mota daga Williams Lake ya zauna da mutum biyu a ɗakin da ba kowa. Ɗarikarsa ce ta riƙe makarantar da ta yi ɓarnar. Bai zo ya karɓi shugabanci ba, Andy da Phyllis ne suka ja gaba, shi ya riƙe musu fitila. A kusa da birnin Edmonton kuma akwai gidan jiyya mai suna Poundmaker's Lodge, wanda 'yan asalin ƙasar suka kafa a 1973, yana zaune a harabar wata tsohuwar makarantar kwana ta ikilisiya. A filin da aka hana yara harshensu, a nan jikokinsu suke zuwa su warke da harshen da gangar.

Yanzu ka dawo gida. Ba a kwashe 'ya'yanmu zuwa irin makarantun can ba, tarihinmu dabam ne, kada mu ari kukan wani. Amma misalin itace da ƙasa ya shafe mu. A unguwarku akwai saurayin da tiramol ta kama, ko sholisho, ko maganin tari, ko burukutu. Wataƙila ɗan dattijon ikilisiya ne. Me muka saba yi? Mukan ɓoye shi don kunya, in ya gagara mu tura shi wani gari, ko a kai shi inda za a sa masa mari a ƙafa, abin da mutanen Garasinawa suka gwada bai yi ba. In ikilisiya ta sa shi ƙarƙashin horo, yakan zauna a bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji, shi ke nan an gama da shi. Horo yana da wurinsa. Amma a watannin horon nan, wa yake zuwa ɗakinsa? In ya je asibiti ya dawo, me zai tarar? Abokan dā suna nan a bakin tasha suna jiransa, bashin da ya ci yana nan, ba aikin yi, a gida kuma ana ɓoye kuɗi in ya shigo. Akwai kuma wanda ya karɓi Almasihu danginsa suka kore shi, ya rasa gida da suna da wurin cin tuwo a rana ɗaya. In ikilisiya ba ta zama masa dangi na gaske ba, wanda ake ci tare ake kwana tare, kada mu yi mamaki in ya nemi ta'aziyya a wani wuri.

Ka zauna da matarka, ko mijinki, ko dattawan ikilisiyarku a makon nan, ku ambaci sunan mutum ɗaya. Ku tambayi kanku wa zai riƙe masa 'ya'ya in ya yarda ya je jiyya, wa zai nome masa gona, wa zai yaɓe katangar da ta zube ya gyara ƙofar ɗakin kafin ya dawo, wane mai sana'a ne a cikinku zai ɗauke shi yaron shago ko da ya san zai iya yi masa ɓarna. Ku nemo tsohon da saurayin yake jin nauyinsa, wanda zai iya yi masa magana da harshen gida, ya faɗa masa ɗan wane ne shi da kuma irin mutanen da ya fito daga cikinsu. In a ikilisiyarku akwai wanda ya taɓa sha ya bari, ku daina ɓoye tarihinsa, shi ne ya kamata ya fara zuwa.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, muna kawo maka mutanen Esk'et da dukan al'ummomin da aka raunata da sunan Ɗanka. Ka ta'azantar da tsofaffin da har yanzu suke mafarkin makarantun nan. Ka ba masu bi na cikinsu hikima sa'ad da suke auna al'adun kakanninsu. Muna kuma kawo maka wanda muka ambaci sunansa yau, da uwarsa, da 'ya'yansa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.